Injin Wasa Wuƙa da Ragon Layyarmu ta Farko

Injin ya shigo gidanmu ne a cikin buhun siminti, a kafaɗar maigidana, wata yamma da aka gama ruwa. Ya sauke shi a ƙofar ɗaki kusa da turken ragona, ya buɗe bakin buhun a hankali kamar mai nuna kayan lefe. Na leƙa na ga wani abu mai nauyi, garin katako ya daskare a jikinsa, yana da tayoyi biyu masu kama da gwangwanin madara, da wata yagaggiyar samfefa da ta zagaye su.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ya ce, "Injin goge katako ne. Na wasu kafintoci ne a Kawo, ya ƙone, za su ba 'yan gwangwan, na ce su bar mini."

"Kafinta za ka koma?"

"Wuƙa zan wasa da shi. Ke dai ki zuba ido."

A lokacin muna zaune a Rafin Guza, a gidan haya, ciki da falo. Tsakar gida ɗaya muke da wani direba Bakano da matarsa. Maigidana gyaran fanka da dutsen guga yake yi a kan wani ɗan tebur a bakin titi, kuma a nan na fara ganinsa, don teburinsa na jikin rumfar da nake karɓar hayar littattafan soyayya tun ina budurwa. Ina zaɓen littafi ina satar kallon hannuwansa. Bai gaji sana'ar kowa ba, maraya ne, a hannun dangi ya tashi, duk abin da ya iya shi ya koya wa kansa da kwance abubuwa da mayar da su. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a so mutum.

A wurin Baba bai isa ba. Mahaifina malami ne, daga Zamfara ya zo Kaduna tun kafin a haife ni, yana karantar da manya a zaurensa, kuma shi ke yi wa mutanen layinmu yanka, na suna da na layya. Bai hana ni auren wanda nake so ba. Da bakinsa ya ɗaura, ya yi gajeruwar addu'a, daga nan ya ɗauke ƙafarsa. Tsakanin gidansa da namu tafiyar da ba ta isa a hau mashin ba ce, amma bai taɓa taka ƙofarmu ba, bai taɓa shan ruwan randata ba. In na aika masa da abinci sai kwanon ya dawo a wanke, Inna ta gaya mini a hankali cewa baƙi aka ba. Kowace Juma'a maigidana zai sa fararen kayansa ya je gaisuwa, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Baba zai amsa ba tare da ya ɗaga ido daga littafi ba, ya ce, "Injiniya, an samu hitowa?" Masu ɗaukar karatu su sunkuyar da kai suna murmushi.

Na karanta littattafai da yawa, na san yadda irin wannan ke ƙarewa a cikinsu. Uba mai tsanani yakan riƙe fushinsa har kusan bango na ƙarshe, sai wani abu ya faru ya ga zuciyar surukinsa, ya dafa kafaɗarsa ya kira shi ɗansa. Na yarda da haka kamar yadda na yarda gari zai waye. Abin da nake nema kawai shi ne ranar da Baba zai shigo gidana ya zauna a kan tabarmata ya ci abinci, maigidana na gefensa.

Ragon shi ne dabarata. Inna ce ta ba ni shi yana ɗan ƙarami, ƙafafunsa kamar karan dawa, na kiwata shi da dusa da harawa da ƙasari har ya zama abin kallo, fari ne da baƙin tabo a ido ɗaya. Ya san motsin ƙafata. In ina tsintar shinkafa yakan ɗora haɓarsa a gwiwata. Shi ne zai zama layyarmu ta farko, kuma na san ko duniya za ta tashi Baba ba zai bari wani ya yi wa 'yarsa yanka yana unguwar ba, don mutane za su yi magana. Dole ya shigo. Wanda ya shigo gida ranar Sallah kuwa ba ya fita bai taɓa akushi ba.

Maigidana shi ma da tasa dabarar, ita ce wannan inji. Babbar Sallah na matsowa, kowane gida zai nemi wuƙa mai kaifi, yana so a ce a unguwar nan akwai abin da sai wurinsa ake samu.

Ya fara da buɗe cikin injin. Ƙaurin waya ƙonanniya ya cika ɗakin har cikin zannuwan gado. Ya warware tsohuwar wayar tagullar da ta yi baƙi, ya sayo sabuwa, ya zauna da yamma yana naɗawa, harshensa a gefen baki, ni kuma ina karanta masa littafi a bayyane, ko da yake na san rabin hankalinsa ne kawai yake wurina. Ya canza boris ɗin da suka cinye. Ya samo tsohon benci, ya kwantar da injin rigingine a kai, tayoyinsa na kallon sama, ya ɗaure shi da faffaɗan ƙarfe da noti don kada ya yi rawa. Ya sa masa makunni irin na fitilar ɗaki a ƙafar bencin.

Bel ɗin samfefa da ke zagaye tayoyin ne ya ba shi wuya. Ya zagaya kasuwa bai samu daidai injin ba, sai ya sayo samfefa mai bayan yadi, ya yanka daidai faɗin tayoyin, ya haɗa bakin biyu da gam da ƙyallen tsohon wandonsa. Na farko da ya ɗora, yana kunnawa ya tsinke ya tashi sama ya mari ragona a kunne, ragon ya yi tsalle ya kusa tumɓuke turke. Na biyu bai tsinke ba, amma sai ya riƙa zamewa gefe a hankali har ya faɗi.

Direba yana zaune a kan bokiti yana asuwaki, ya ce, "Injiniya, wai jirgi kake haɗawa ne? In ya tashi ka ajiye mini kujerar gaba, Makka za ni."

Maigidana ya ce, "Kai da motarka ko Katabu sai an tura."

"Ai gara tawa, ba ta taɓa marin rago ba."

Daga baya ya gane cewa haɗin bel ɗin ba a miƙe ake yanka shi ba, a karkace ne, kuma akwai wata 'yar ƙusa a gefe da ake juyawa har bel ɗin ya tsaya a tsakiya. Sannan ya lanƙwasa wani guntun ƙarfe ya kafa a gaban bel ɗin, ya ce a nan wuƙa za ta jingina, don ta kwanta iri ɗaya daga ƙota har tsini, hannu ba zai ɓata ta ba. Wannan guntun ƙarfe shi ya fi alfahari da shi a duk aikin.

Babbar matsalar injin ita ce wuta. Ba mu da janareto, sai an kawo ake aiki, kuma ba wanda ya san yaushe za a kawo ko yaushe za a ɗauke. In yana bakin titi ya ga ƙwan shagon kusa ya kama, sai ya rufe teburinsa ya taho gida da gudu. Haka ya saba da yin komai da sauri a kan injin nan, ido ɗaya a kan wuƙa, ɗaya a kan ƙwan lantarkin tsakar gida.

Wuƙata ta yankan albasa ya fara ɗorawa, irin fararen nan na kasuwa marasa kauri. Ya taɓa ta a bel ɗin, tartsatsi ya zubo ƙasa kamar an watsa gero mai wuta, hasken ya haska fuskarsa, na tsaya riƙe da ludayi ina jin babu macen da ta kai ni sa'a. Ya goga ta a damtsensa gashi ya zube. Kafin mako ya zagayo matan layinmu sun fara aiko da nasu a naɗe cikin tsumma, har daga Kinkinau wata ƙawar matar direba ta aiko. Duk irin tawa ce, ba sa buƙatar daɗewa, taɓawa kaɗan sun yi.

Juma'ar da ta rage kafin Sallah ina gidanmu wurin Inna lokacin da ya zo gaisuwa. Na laɓe a bayan ƙofar zaure kamar yadda na saba.

Baba ya ce, "Injiniya, an ce ka yi injin wasa yuƙa."

"E, Baba. Ɗan gwaji ne dai."

"Mu da dutse munka sani. Amma tunda zamani ya zo, ba mu ƙi shi ba."

Na ji motsin buzu, na leƙa ta tsagar ƙofa. Baba ya miƙa hannu bayan jakar littattafansa ya ɗauko wuƙarsa ta yanka a cikin kubenta na jar fata. Wani maƙeri ne a garinsu ya ƙera wa kakana ita, baƙin ƙarfe ce mai kauri, tun ina yarinya ko Inna ba ta taɓa ta. Ya miƙa wa maigidana da hannu ɗaya. Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Na koma ciki da gudu na gaya wa Inna. Ta dakata da dakan da take yi, ta riƙe taɓarya a tsaye, ta ce, "Malam ya ba da wuƙarsa? To. Allah ya sa alheri." Ta ci gaba da daka.

Aka ɗauke wuta tun daga wannan rana. Wuƙar Baba na kan sif a cikin kubenta, maigidana na shiga yana fita yana duban ƙwan lantarki. Ana gobe jajibir, wajen la'asar, muka ji ihun unguwa, an kawo. Ya zaro wuƙar ya durƙusa gaban benci ko riga bai cire ba. Wannan ba irin na albasa ba ce, kaurinta ya sa bel ɗin ba ya cinta da wuri, ga wani ɗan gibi a tsakiyar bakinta da yake so ya shafe. Ƙwan ya fara lumshewa yana dawowa. Ya ce, "Za su ɗauke, wallahi za su ɗauke," ya ƙara danna ta da ƙarfi. Tartsatsin ya yi yawa, ja-ja, har kan ƙafafunsa. Ƙarfen ya yi zafin da ya kasa riƙewa, ya ce in miƙo masa tsumma, ya naɗe ya ci gaba bai ɗaga ba. Yana gama gefe na biyu wutar ta tafi.

Ya ɗaga ta sama. Bakinta ya sirance yana walƙiya, kuma daga tsakiya zuwa tsini wani launi ya hau shi, shuɗi da ɗan ruwan hoda, kamar wuyan tantabara a rana. Ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau haka ba. Ya riƙe takarda a iska ya ja, ta rabu biyu ba ƙara. Muka tsaya mu biyu muna kallonta, ni har da kwantar da kai a kafaɗarsa.

Ba mu san abin da muke kallo ba. Sai daga baya na ji cewa maƙeri kan gasa wuƙa ya tsoma ta a ruwa, daga nan take samun taurinta, kuma in ta sake ɗaukar zafi har ta yi wannan launi, taurin ya tafi. Za ta yanka takarda, za ta aske gashi, amma da ta haɗu da abu mai ƙarfi bakinta zai naɗe. Abin da ake yi shi ne a ajiye bokitin ruwa a gefe, a taɓa kaɗan a tsoma. Ruwa kuwa cike da randa yake a bayanmu.

Ranar jajibir maigidana ya mayar wa Baba da ita. Ya dawo yana dariya tun daga ƙofar gida, ya ba ni labari yana kwaikwayon Baba: yadda ya zaro ta, ya matsa wajen hasken ƙofar zaure, ya daɗe yana juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa, sannan ya mayar cikin kube ya ce, "Ta yi kyau, Injiniya. Gobe da gidanku zan hwara."

Da asuba na tashi na haɗa wuta. Na yi waina da miyar taushe, don ita Baba ya fi so, na dama fura da nono mai kyau, na shimfiɗa sabuwar tabarma a falo na ɗora darduma a kai, na kunna turaren wuta. Na wanke ragon da sabulu, na ba shi ruwa. Da na zo kwance masa igiyar wuya ya lashi hannuna, na yi ɗan kuka, irin na daɗi. Maigidana ya haƙa ramin jini a gindin katanga kafin ya tafi idi. Ragon direba, wanda ya sayo a kan hanyarsa, yana ɗaure a ɗaya kusurwar.

Da aka sauko, aka ce liman ya yanka, sai ga sallamar Baba a ƙofar gidana. Yana sanye da farar babbar riga da rawani, mutanen layi masu jiran a je gidajensu na biye da shi. Na durƙusa a bakin ɗaki na ce, "Baba, sannu da zuwa, an sauko lafiya? Bismillah, ga wuri a ciki."

Ya ce, "Aiki tukuna." Bai dubi ɗakin ba.

Maigidana da direba suka kayar da ragon a ɓangarensa na hagu, suka fuskantar da shi alƙibla. Direba ya riƙe ƙafafu, maigidana ya danne kafaɗa da gwiwa ya miƙe wuyan. Baba ya naɗe hannun riga, ya zaro wuƙar, ya tsuguna, ya yi bismillah da kabbara, ya ja.

Fata ta buɗe. Ya sake ja, sai na ji wani sauti da ban taɓa ji a wurin yanka ba, kamar ana goga cokali a kan igiya. Ya tura ya jawo, ya tura ya jawo, jini ya yi tsartuwa daga gefe ɗaya ya ɓata farar rigar maigidana har ƙirji. Jijiya ɗaya ta yanke, maƙogwaro da ɗaya jijiyar suna nan. Ragon ya yi wani kuka ta cikin jinin.

Sai Baba ya ɗaga hannunsa, ya miƙe tsaye.

Ni 'yar malami ce, a bayan ƙofar zaure na girma. Na sha jin shi da bakinsa yana karantar da cewa in mai yanka ya ɗaga hannu kafin ya gama, ya mayar nan take, ko da wata wuƙar ce, yanka ya yi. Jinkiri ne ke ɓata shi. In an ji wa dabba ciwon da ba za ta rayu ba, aka tsaya aka daɗe, to ta zama mushe.

Maigidana ya ce, "Baba, a ƙarasa! Baba!"

Matar direba ta ruga ɗakinta ta fito da wuƙa, ta miƙa daga nesa. Baba ya dube ta ya ce, "Yuƙar albasa? Layya ce wagga ko miya?"

Ya juya ga mutanen da suka biyo shi, ya ɗaga wuƙar kakana a gabansu. "Ku matso ku gani. Kai, matso. Duba bakin nan." Suka matso. Bakin ya naɗe gefe kamar murfin gwangwani. "Wagga yuƙa ta yi wa ubana aiki, ta yi mini, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kwana nawa ta yi wurin Injiniya? Ku tambaye shi mi ya yi mata."

Direba ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da an fara ƙarasa..."

"Kai ka karantar da ni?"

Direba ya ƙara riƙe ƙafafun. Ragon na ta shure-shure, ƙafa ɗaya ta kuɓuce masa tana haƙar ƙasa. Idonsa mai baƙin tabo yana sama, yana juyawa yana neman wani, na san wa yake nema. Na ce, "Baba, don Allah, don Annabi."

Ya ce, "Ke, shiga ɗaki."

Ban shiga ba, ban kuma iya matsawa ba. Baba ya ci gaba da magana a natse, kamar a zaure, yana bayanin yadda ake wasa wuƙa a kan dutse da ruwa da haƙuri, da yadda mutanen yanzu ke son komai da lantarki. Maigidana na durƙushe a kan ragon, hannunsa a kan raunin yana ƙoƙarin toshe shi ko buɗe shi, shi ma bai sani ba, jini na bin tsakanin yatsunsa. Har shure-shuren ya ragu, ya koma rawar fata, ya tsaya.

Baba ya taɓa ragon da ƙafa. Ya ce, "Mushe ne. Kada kowa ya ci. A hitar da shi."

Ya goge wuƙar a jikin ragon ya mayar kube, ya ce wa direba, "Kawo naka." Aka kayar da na direba a bakin ramin nan da maigidana ya haƙa. Baba ya sa hannu ƙarƙashin babbar rigarsa, wajen ƙugu, ya zaro wata wuƙa, sabuwa, baƙa, mai ƙotar katako. Ja ɗaya ya yi. Ya wanke hannunsa da butar da matar direba ta riƙe masa, ya yi musu addu'a, ya fita, mutane suka bi shi. Wasu sun ƙi haɗa ido da ni, wasu kuma dariya suke dannewa.

A baro maigidana ya ɗora ragon. Na ce ya rufe shi da buhu, ya rufe, amma ƙafafun sun leƙo. Hanyar bakin kogi ɗaya ce, sai ta cikin layi, a ranar da kowa ke ƙofar gidansa yana fiɗa. Ni ban gani ba, matar direba ce ta dawo daga kai wa wata tuwon Sallah ta zayyana mini duka, ban tambaye ta ba. Wani ya ce, "Injiniya, gyara za a kai shi?" Wani ya ce a sa masa sabon boris zai tashi. Wani dattijo da aka wasa wa matarsa wuƙa ya fito da ita ya jefa cikin baron ya ce a haɗa a zubar. Ta ce maigidana bai tanka wa kowa ba, sannu kawai yake ta cewa, sannunku, barka da Sallah.

Da ya dawo ya wanke baron, ya wanke tsakar gida, ya cire rigar ya jiƙa. Wainar na nan a rufe a falo. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Na ɓata wa Baba wuƙar gado. Na kunyata shi a gaban mutane. Gobe in kin je ki fara ba shi haƙuri, ni sai ya huce zan je." Ya ga jini da ragon da mutane, amma lokacin da aka zaro wuƙa ta biyu kansa na ƙasa.

Washegari na je gidanmu, ranar rabon nama. Baba na zaune a tsakar gida a kan kujera, an shimfiɗa buhuna a gabansa, naman ragonsa kashi-kashi: na gida, na 'yan uwa da abokan arziki, da na sadaka, ƙanana-ƙanana da ake ƙullawa a leda a miƙa wa masu zuwa ƙofa. Inna na ƙullawa. Na gaishe shi ya amsa da fara'a, har da tambayata gajiyar Sallah.

Na ce, "Baba, ka san wuƙar ta lalace tun ranar da ya kawo ta?"

Inna ta ce, "Ke!"

Baba ya ce, "Bar ta. Ina da ido, ɗiyata. Yaro ma ya san ƙonannen ƙarhe."

"Kuma da wata a jikinka."

"Ina tahiya yanka da yuƙa guda?"

"To me ya sa, Baba? Ragon me ya yi?"

Ya ɗauki wani yanki ya duba ya mayar. Ya ce, "In na hwaɗa miki da baki, cewa za ki yi ƙiyayya ce. Na so ki gani da idonki abin da kinka zaɓa." Sannan ya nuna kashi na uku da yatsa ya ce wa Inna, "Ba ta ƙulli guda cikin wanga. Su ma ba su yi layya ba."

Inna ta miƙa hannu wajen kashin 'yan uwa inda cinya take. Ya ce, "Wanga na ce." Ta ɗauko ƙullin ta sa mini a hannu ba ta dube ni ba. Na karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mini, na ce na gode.

Na tarar da maigidana ya sa wasu fararen kayan, ya zauna yana jirana, takalminsa a goge. Ya miƙe ya ce, "Ya huce? In je yanzu?"

Na ajiye ƙullin a kan tebur. Na gaya masa duka, yadda aka faɗa, da wuƙa ta biyu, da kashin da aka ɗauko naman. Ya saurara har na gama. Ya kwance ledar ya duba: tsoka biyu ce da ƙashi da ɗan tumbi.

Ya ce, "Dafa."

"Ba sai mun ci ba."

"Dafa. Sadaka ce, ba a mayar da ita, kuma mun cancanta."

Na dafa da gishiri da albasa kawai. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa ya cinye shi kaɗai, a hankali, har ya tsotse ƙashin. Ya wanke hannu, ya cire hula ya rataye a ƙusa.

Ya ce, "In kin koma, ki ce wa mahaifinki saƙo ya iso."

Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko masallaci, gida ya wuto kai tsaye. Baba bai taɓa tambayar dalilin da ya daina zuwa gaisuwa ba, har ya bar duniya, kuma bai sake shigowa gidana ba.